Shekara bakwai Adda ba ta ga al'ada ba

Sunanta ba zai fito a nan ba, haka aka yi alkawari da ita. Ƙannenta Adda suke ce mata, yadda aka saba a gidajen Gombe da yawa, mu ma da shi za mu kira ta. Ita ta nemi a ba da labarin, don ta ce a layinsu kaɗai akwai mata biyu da in ta kalle su take tuna yadda take a da.

Asalinta wani ƙauye ne a hanyar Dukku, aure ya kawo ta cikin gari. Tana da shekara 26, da tsohon ciki na uku, ta je ƙauye bikin ƙanwarta, naƙuda ta kama ta a can.

"Yaro ya faɗo lafiya bayan isha'i," in ji ta, "amma uwa ta ƙi biyowa. Ungozoma ta ba ni kwalba in hura, aka danna mini ciki, shiru. Jini kuwa kamar an buɗe famfo. Na ga an canza zani uku, daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba."

Kafin a samu mota an kusa kiran asalatu. A asibiti aka ciro mabiyiyar, aka ƙara mata jini leda uku. Ta rayu, yaro ya rayu, kowa ya yi hamdala, aka ɗauka magana ta wuce.

Ma'aikatan lafiya na cewa zubar jini bayan haihuwa ta yi yawa idan ta wuce mililita 500, kusan cikin ledar fiya wata guda. Idan ta kai lita ɗaya an shiga haɗari sosai. Kowa ya san irin wannan zubar jini na kisa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ɓarnar da take iya bari a kan wadda ta tsira. A ƙasan ƙwaƙwalwa, can ciki daidai bayan karan hanci, akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kusan rabin giram, likitoci na ce mata fitutari. Aikinta aike ne. Ta cikin jini take tura saƙo zuwa ma'ajiyar ƙwai ta ce a nunar da ƙwai, zuwa nono ta ce a kawo ruwa, zuwa tayirod da ke gaban wuya (wanda in ya kumbura muke ce masa maƙoƙo), da kuma wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a kan ƙoda, masu fitar da sinadarin kotizol, mai taimaka wa jiki riƙe awon jini da sukarin jini. Lokacin ciki fitutari na ƙara girma don shirin shayarwa, saboda haka buƙatarta ta jini ta fi ta kullum. Idan jini ya zube, awon jini ya faɗi warwas na sa'o'i, sai wani sashenta ya mutu. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, shi ya bayyana wannan a 1937, ake kuma kiran ciwon da sunansa har yau.

Alamar farko ta zo tun kafin suna: nono bai kawo ba. Aka yi kunun kanwa, aka jiƙa saiwoyi, aka ƙara wa ruwan wanka wuta don Goggonta ta ce rashin zafinsa ne. Ko ɗigo. Matar yayanta da ke goyo ita ta shayar da yaron, aka haɗa da madarar gwangwani.

Jinin biƙi ya ɗauke kafin arba'in, daga shi kuma ba ta sake ganin jini ba. Shekarar farko ba wanda ya damu, don an saba mai goyo ta daɗe ba ta ga wata ba. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa shayarwa ce ke riƙe al'ada, ita kuwa ba ta shayarwa. Macen da ba ta ba da nono, yawanci cikin wata biyu zuwa uku da haihuwa al'adarta ke dawowa. A shekara ta biyu sai tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta. Ta yarda, har ta riƙa jin kamar motsi. An kusa shekara biyu ana neman tayar da cikin da babu shi, alhali tsinken gwajin fitsari da ake sayarwa a kowane kemis zai raba gardama cikin minti biyar.

"Ni dai na san jikina ba nawa ba ne. In na share tsakar gida sai na kwanta. A watan zafi, mutane na neman inuwa, ni ina cikin rana da mayafi. Gashin hammata da na gaba duk suka zube, ban gaya wa kowa ba, wa zan gaya wa? Fatata ta bushe ta yi fari fat. Kusantar maigida ta zama azaba, ga bushewa ga zafi, sha'awa kuwa babu ita sam. Da ya ƙara aure ban yi kishi ba, ƙarfin kishin ma ba ni da shi."

An yi mata maganin taifot da maleriya ba adadi. An ba ta maganin ƙarin jini. An yi zargin sammu, an yi zargin iska. A shekara ta huɗu wata ƙanwarta da ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ta ce, "Adda, mu je a auna miki homon." Homon su ne sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, irin waɗanda fitutari ke aikawa. Suka je wani ƙaramin ɗakin gwaji, kuɗinsu bai kai na jerin gwajin duka ba, aka ce su zaɓi ɗaya. Suka zaɓi istirojin, tunda shi suka ji ana ce wa sinadarin mata.

Istirojin ba abu ɗaya ba ne, iyali ne mai manya uku. Istiradayol, wanda ake rubutawa E2 a takarda, shi ne mai ƙarfi, kuma ma'ajiyar ƙwai ke yin sa a shekarun haihuwa. Istiron, E1, shi ke rinjaye bayan al'ada ta ɗauke, yawancinsa daga kitsen jiki. Istirayol, E3, na masu ciki ne, mabiyiya ke fitar da shi. In likita ya ce a auna istirojin ga macen da ke neman haihuwa ko wadda al'adarta ta rikice, E2 yake nufi. Shi ke kauraro shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, shi ke riƙe damshin gaba, shi ke kare ƙashi daga zaizayewa.

Wahalar auna shi ita ce ba ya zama wuri ɗaya. A rana ta 2 zuwa ta 4 na al'ada yana ƙasa, kamar 20 zuwa 80 pg/mL (mudun da ake auna shi da shi a jini ke nan). Dab da fitar ƙwai yakan haura 200, har 400. Ya sauko, ya sake ɗan hawa, ya faɗi kafin jini ya zo. Macen da al'adarta ta ɗauke don shekaru, nata yakan kasance ƙasa da 20 ko 30. Namiji ma yana da nasa, tsakanin 10 da 40. Kowane ɗakin gwaji kuma yana da iyakokinsa gwargwadon na'urarsa, shi ya sa takardar kirki ke zuwa da jerin iyakokin a gefe. Lamba 60 lafiya ce a rana ta 3. Ga macen da ake sa ran ƙwanta ya nuna gobe, 60 labari ne mara daɗi. Don haka ake tambayar ranar da jini ya fara, kuma rana ta ɗaya ita ce ranar da jan jini ya zubo sosai, ba ranar ɗigo-ɗigon da ke ɓata kamfai ba. Mata da yawa a nan suke kuskure lissafi. Wadda ba ta ganin al'ada kwata-kwata, irin Adda, babu ranar da za ta jira, kowace rana a ɗiba, bayan an tabbatar babu ciki.

Takardar da aka ba su da biro aka cike ta, babu jerin iyakoki. An rubuta 33, sai wasu ƙananan haruffa a gaba: pmol/L. Suka kai wa mai kemis ɗin unguwa, ya duba waya, ya ga an ce 20 zuwa sama daidai ne, ya ce, "Hajiya, homon ɗinki lafiya lau, sanyi ne kawai." Abin da ya gani a waya da ma'aunin pg/mL aka rubuta shi. Mudu biyu ne daban: pg/mL ɗaya daidai yake da pmol/L 3.67. In aka raba 33 da 3.67, 9 za a samu. Istiradayol ɗinta 9 ne, irin na tsohuwa mai jikoki, a jikin 'yar shekara 30. Wannan kuskure ya fi yadda ake zato yawa, don a gari ɗaya wani ɗakin gwaji na ba da sakamako da wannan mudu, maƙwabcinsa da wancan.

Mai kemis ya ba ta Primolut N, ƙwayar da mata suka sani da kiran al'ada. Ta sha kwana goma ta daina, ta jira mako guda, ba jini. Wannan shirun shi kansa sakamakon gwaji ne, da an samu mai karanta shi. Ƙwayar dangin furojestaron ce, wani sinadarin mata da jiki ke fitarwa bayan fitar ƙwai. Ba ta ƙirƙirar jini; shimfiɗar da istirojin ya riga ya gina take sa wa ta zube bayan an daina sha, yawanci cikin kwana 2 zuwa 7. In ba a ga komai ba, ko dai babu istirojin da ya gina shimfiɗar, ko cikin mahaifar ya manne. Daga baya aka ba ta kulomifin har zagaye uku, wai ya tayar da ƙwai. Kulomifin ba ya taɓa ma'ajiyar ƙwai kai tsaye. Ƙwaƙwalwa yake ruɗa ta ɗauka istirojin ya yi ƙasa, don fitutari ta ƙara aike. In fitutarin ce ta mutu, bugun ƙofar kango ake yi.

Bayan shekara guda wani ma'aikacin lafiya ya ga tsohuwar takardar, ya karanta ma'aunin daidai, ya ce mata istirojin ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai, al'adarta ce ta ɗauke da wuri, sai haƙuri. Ya yi rabin gaskiya, kuma a ganina rabin gaskiyar nan ta fi kuskuren mai kemis haɗari, don ta rufe bincike. Ƙarancin E2 yana nuna ma'ajiyar ƙwai ba ta aiki, amma ba ya faɗin dalili. Mai faɗin dalili shi ne FSH, saƙon da fitutari ke aikawa, tare da ɗan'uwansa LH. FSH kira ne, E2 amsa ce. Uwar da ta kira yaro bai amsa ba, ɗaga murya take yi. In ma'ajiyar ƙwai ce ta ƙare, za a ga E2 a ƙasa, FSH ya yi sama, ya wuce 25, sau da yawa ya wuce 40. Ga macen da ba ta kai shekara 40 ba, da wannan ake tabbatar da ɗaukewar al'ada da wuri, kuma an saba maimaita gwajin bayan mako huɗu. Amma in ba amsa kuma ba kira, E2 a ƙasa, FSH shi ma a ƙasa ko yana zaune cikin iyaka kamar ba abin da ya faru, to mai kiran za a je a duba. FSH na 4 a gefen E2 na 9 ba lafiya ba ce, ko da na'ura ba ta sa masa alama ba.

Asiri ya tonu a azumin shekara ta bakwai. Wajen la'asar ta tashi ɗaura sanwar buɗa-baki, ta yanke jiki ta faɗi. A babban asibiti aka tarar sukarin jininta ya yi ƙasa, awon jini ya faɗi, gishirin sodiyam ma ya ragu. Aka sa mata ruwa mai sukari ta farfaɗo. Wata likita ta tsaya a kanta tana kallon fatarta da girarta da ta sosoke.

"Malama, yaushe rabonki da al'ada?"

"Shekara bakwai, Likita."

"Haihuwarki ta ƙarshe, kin zubar da jini?"

"Har leda uku aka ƙara mini."

"Nono ya zo?"

Adda ta ce a nan ta fashe da kuka, don cikin shekara bakwai ba wanda ya taɓa haɗa mata tambayoyin nan uku wuri ɗaya.

Likitar ta rubuta jerin gwaji: na ciki tukuna, sannan E2, FSH, LH, furolaktin (saƙon da ke sa nono ya kawo), TSH (saƙon fitutari zuwa tayirod) tare da T4 mara ɗauri (sinadarin da tayirod ke fitarwa), da kotizol na safe. Irin wannan jeri ana yin sa a sashen gwajin sinadaran jini na manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Hukumar da ke yi wa ɗakunan gwaji da ma'aikatansu rajista a Najeriya ita ce MLSCN, kuma ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi ganin shaidarta a bango kafin ya miƙa hannu.

E2 bai buƙatar a zo da yunwa, kuma ba ruwansa da safe ko yamma sosai. Kotizol ne mai ƙa'ida: tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, lokacin da yake kan ganiyarsa, don in aka ɗiba da yamma, na mai lafiya ma ƙasa za a gan shi. Saboda shi aka ɗebi jinin Adda da ƙarfe takwas, gaba ɗaya a tsira guda. Ana ɗaure damtse da roba, kada ta wuce minti ɗaya, a goge da sifirit a bari ya bushe, a ɗebi mililita 3 zuwa 5 daga jijiyar lanƙwasar hannu, in gwajin da yawa a ƙara. Kwalbar da ake so ita ce mai jan murfi, wadda babu maganin hana daskarewa a ciki, ko mai murfi ruwan ɗorawa da ke da kaki a gindi. A rubuta suna, shekaru, lokaci da ranar al'ada a gaban mai jinin, ba bayan ta tafi ba. A ajiye kwalbar a tsaye kamar minti 30 jini ya daskare, sannan a sa ta a injin juya jini minti 10, juyi kusan 3000 a minti. Ruwan da ya taso sama, mai kalar fitsarin safe, shi ake aunawa.

In ruwan nan ya fito ja, ƙwayoyin jini sun fashe. Abin da ke jawo haka sananne ne: allura siririya da yawa, jan sirinji da ƙarfi, tura jini cikin kwalba ta bakin allura maimakon a cire ta, girgiza kwalba, ko barin ta a zafi. Ɗakin gwajin da ya san aikinsa sake ɗiba yake yi. Zafi shi ne babban abokin gaba a nan. A watan Maris da Afrilu, da Gombe ke kai maki 40, jinin da aka ɗiba a Bajoga ko Kaltungo aka ba direban tasha a ambulan ya kawo gari bai cancanci a dogara da shi ba. Daidai shi ne a raba ruwan tun a can, a sa shi a kula mai ƙanƙara. A firji, tsakanin maki 2 da 8, yana kwana biyu lafiya. In zai wuce haka a daskarar da shi a maki 20 ƙasa da sifili, kuma sau ɗaya ake narkar da shi. Firjin da wuta ke ɗaukewa ta dawo, abin ciki ya narke ya sake daskarewa, yana lalata samfur, yana kuma lalata sinadaran gwajin kansu, waɗanda su ma sanyin 2 zuwa 8 suke so. Wasu ƙananan wurare na tara samfur mako guda kafin su buɗe kwalin sinadari don kada su yi asara. Ba laifi ba ne in sun daskarar, amma ya kamata a tambaya.

Yadda yawancin na'urori ke auna E2 gasa ce. Ana haɗa ruwan jinin da wani E2 na kamfani da aka yi wa alama mai haske ko launi, su yi rige-rigen kama gurabe ƙididdigaggu. In na jikin mutum ya yi yawa, shi zai cinye guraben, haske ya ragu; in ya yi kaɗan, haske ya ƙaru. Wannan hanya tana da kyau a manyan lambobi, amma a can ƙasa, wajen 10 ko 15, idonta ba ya gani sosai. Bambancin 7 da 12 ba abin kafa hujja ba ne, duka biyun sunansu ƙasa ƙwarai.

Kafin a ɗebi jini akwai tambayoyin da in ba a yi su ba sakamakon zai yi ƙarya. Mai shan ƙwayar tsarin iyali, E2 nata ƙasa zai fito, domin ƙwayar ta kwantar da na jikinta, ita kuma na'ura ba ta ganin istirojin ɗin da ke cikin ƙwayar. Allurar wata uku ma tana saukar da shi, tana kuma ɗauke al'ada. Kulomifin ɗaga shi yake yi ga mai lafiyayyar fitutari. Ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu bitamin ɗin bayotin da yawa suna sa wasu na'urori su nuna E2 sama da gaskiya, don haka a daina su kwana biyu zuwa uku kafin gwaji. Ga kotizol kuwa, man bilicin mai sitiroyid da ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe suna danne shi. Mata ba sa lissafa waɗannan a magani, sai an ambace su da suna. Adda ba ta amfani da ko ɗaya.

Sakamako ya fito: ba ciki. E2 ƙasa da 10 pg/mL. FSH 3, LH bai kai 2 ba. Furolaktin a ƙasa. T4 a ƙasa, TSH kuwa yana zaune cikin iyaka. Kotizol na safe bai kai mikirogiram 3 a desilita ba, wanda shi kaɗai ya isa tabbatar da rashi.

Kowace lamba ta rufe wata ƙofa. Da mannewar mahaifa ce, wadda ita ma takan biyo bayan ciro mabiyiya ko wankin ciki, da E2 da FSH lafiya za su fito, jinin ne kawai ya rasa shimfiɗar da zai zubo daga gare ta. Da ƙarewar ƙwai ce, da FSH ya yi sama. Da yawan furolaktin ne, wanda shi ma ke danne FSH da E2, da lambarsa ta hau, sau da yawa har nono na tsatsa ba goyo. TSH ɗin nan da ya fito daidai shi ne tarkon da ya fi kama mutane: wuraren da ke auna TSH kaɗai za su ce tayirod lafiya, alhali TSH daga fitutari yake fitowa, kuma ganin sa a zaune lokacin da T4 ya faɗi shi ne shaidar rashin lafiyarta. Hoton cikin kai na MRI da aka yi daga baya ya nuna gurbin fitutarin kusan fanko.

Magani yana da jeri, kuma saɓa jerin na iya kisa. Kotizol ake fara mayarwa, da haidirokotizon miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba biyu ko uku, kaso mafi girma da farkawa. Inda ba a samu ba likita kan ba da furedinisolon kaɗan. Sai bayan kwanaki a fara libotairoksin, maganin tayirod. In aka fara da na tayirod, jiki zai ƙara gudu ya ƙone ɗan kotizol ɗin da ya rage, mutum ya faɗi. Libotairoksin da safe ake sha, ciki ba komai, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kari, a nisanta shi da maganin ƙarin jini da na kalsiyam da awa huɗu, kuma da T4 ake bin sawunsa, ba da TSH ba. Istirojin shi ne na ƙarshe, duk da shi ya fara kai ta ɗakin gwaji. An ba ta istiradayol miligiram 2 kullum, da furojestaron na kwana 12 a kowane wata. Macen da mahaifarta ke nan ba a ba ta istirojin shi kaɗai, don shimfiɗar za ta yi ta kauri ba zubewa, har ta iya rikiɗa ta zama daji. Za ta ci gaba da shi zuwa wajen shekara 50, saboda ƙashinta da ya yi shekara bakwai ba kariya. Wani abin lura ga masu gwaji: istirojin na sha yana ɗaga lambar kotizol a takarda ba tare da na gaske ya ƙaru ba, shi ya sa ake auna kotizol kafin a fara shi.

An gaya mata ƙa'idar ranar ciwo: in zazzaɓi ya kama ta, ta ninka haidirokotizon, in amai ya hana ƙwaya zama, asibiti nan take a yi mata allurarsa, kada ta taɓa daina shi don ta ji sauƙi ko don kuɗi sun yanke. Batun azumi, likita ta ce ta sha na sauran watan, na gaba kuma sai sun zauna sun duba. Malamin unguwarsu da maigidanta ya tambaya ya ce mara lafiya na da rangwame.

"Kwana uku da fara maganin kotizol ɗin na ji yunwa," in ji ta. "Na manta yadda yunwa take. Na cinye tuwo malmala biyu, abokiyar zamana ta tsaya tana kallona."

A wata na biyu da fara istirojin, kwana uku bayan ta gama furojestaron, jini ya zo. Ta aiki ƙanwarta kemis sayen auduga, ta rufe ɗaki ta yi kuka. Da ta koma asibiti ta tambayi likita ko yanzu za ta iya ɗaukar ciki. Likitar ta ce mata wannan jinin na magani ne, ba ƙwai ne ya fita ba. Ƙwayayenta suna nan, tunda ba su ne suka lalace ba, amma ba za su nuna ba sai an yi musu kiran da fitutari ta daina, da allurar FSH da LH ta kullum, ana bi da hoton mara da awon E2 duk bayan kwana biyu ko uku don a ga yadda suke girma, kada su taso da yawa lokaci guda. Aiki ne na ƙwararrun likitocin mata, mai tsada, kuma sai sauran magungunan sun zauna daram.

Adda ta ce za ta yi shawara da maigida. Yaron da aka haifa a daren nan yana aji biyu a firamare. A jakarta akwai kati da likita ta rubuta mata, mai sunan ciwon da magungunanta, wanda aka ce ta nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa ta, ko da cire haƙori ne. Ɗaya daga cikin matan layinsu biyu ta riga ta karɓi kwafin jerin gwajin, an ce ta je ranar Litinin kafin ƙarfe takwas.